Gudaji a Kunun Asma'u

Bana azumi ya zo mana da sauƙi. Iskar teku tana shigowa ta taga har hantsi, mukayyif ma, na'urar sanyaya ɗaki, sai rana ta take muke kunna shi, kafin ƙishirwa ta kama mutum sosai an kira magariba. Yaran yanzu har cewa suke sun galabaita. Kallonsu kawai nake yi. Amma ni azumin nan bai zo mini da sauƙi ba, don tun farkon watan nake cike da haushin 'yata Salamatu, kuma da na buɗe baki sai ta ce, "Inna, azumi fa kike." To, na ji. Bakina ne ke azumi, hannuna ba ya yi. Da tsufana na koyi rubutun nan, wajen wata 'yar Kano da ta zo umra ta zauna a unguwarmu. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa ya wuce.

Maganar a kan jikata ce, Asma'u, 'yar Salamatu. Ta haura ashirin. Allah ya yi ta da jinkirin fahimta. Abin da wani zai ɗauka sau ɗaya, ita sai an maimaita mata har mai maimaitawar ya gaji, amma in ya zauna, ya zauna ke nan. Hausa tana jinta sarai, sai dai amsar ta fito rabi Larabci, kamar duk 'ya'yan Jidda. Habboba take ce mini, yadda muke kiran kaka can Sudan.

Akwai wani sashe a wata kulliyyar mata, wato kwaleji, da ake karɓar irinsu, can take zuwa. Malamarsu sunanta Nawal, su Abla suke ce mata. Ba wani karatu mai wuya take koya musu ba. Yadda za ta tsallaka titi. Yadda za ta shiga kanti ta sayo madara ta fito. Guga. Yadda za ta ce wa baƙon namiji a'a da murya mai ƙarfi. Sunan unguwarsu in ta ɓata. Bana ce shekararsu ta ƙarshe, kuma Abla ta yi ta yawo har ta samo wa Asma'u wurin aiki bayan Sallah, a kicin ɗin wata makarantar ƙananan yara, tare da manyan mata. Sharaɗi ɗaya ne: sai ta iya wuta da tafasasshen ruwa.

Shi ne Abla ta ce kowacce ta zaɓi abincin gidansu guda ɗaya da za ta iya daga farko har ƙarshe ba hannun kowa. Wasu suka ce shurba, romon Larabawa, wasu sambusa. Asma'u ta ce kunu. Abla ba ta san kunu ba, sai ta aiko a zo da ni.

Na je da gasarata da tsamiyata da ludayina. Wata 'yar gajeruwa ce mai tabarau, ba ta iya zama wuri ɗaya. Duk motsin da na yi sai ta tsayar da ni ta ɗauki hoto.

"Hajja, ruwa nawa?"

"Daidai."

"Daidai ɗin nawa ne?"

Na ce, "Ke 'yar nan, ido ne ke aunawa. Tun ba a haife ki ba nake dama kunu, ba a taɓa auna mini ruwa ba."

Ta ɗaga wani kofin roba mai jan layi, ta ce, "Idonki ba zai bi Asma'u wurin aiki ba, Hajja. Kofin nan zai bi ta."

Ban ji daɗi ba. Na bar ta ta auna. Ta liƙa hotunan a bango a jere, hannuna ne a ciki duk tamoji, Asma'u tana bi ɗaya bayan ɗaya.

Ana gobe azumi, tana gwadawa a can, tururi ya lashe ta a wuyan hannu. Wurin bai fi ƙwallon dabino ba. Da kanta ta kai hannun ƙarƙashin famfo, yadda aka koya mata. Ta dawo gida tana nuna wa kowa bandejin kamar awarwaro. Uwarta na gani ta ce halas, an gama. Ba kulliyya, ba aiki. Ta kulle kicin ta jefa mukullin a aljihu. Da yarinyar ta ce to a tashe ta sahur, sai ta ce, "Ba a ɗora miki ba. Inna, ki gaya mata, ai alƙalami ba ya kanta."

Ni ba malama ba ce. Na san malamai sun ce wanda hankalinsa bai cika ba, ba a rubuta masa laifi. Amma maganar nan na taɓa jinta daga bakin da ya fi na Salamatu kaifi, kuma na ga inda ta kai.

Lokacin ba mu daɗe da tsallakowa daga Gadarif ta Sudan ba. Muna can ƙarshen unguwar Madain Fahd a Jidda, gidan bulo mara shafe, rufin kwano. Mijina Isa yana dako a tashar jiragen ruwa. Uwarsa, Iya, ita ce da gidan. Sai ƙanwarsa Kande, wadda ta girme ni a shekaru, amma irin Asma'u ce, ko ma in ce Asma'u ta fi ta nauyin baki. Salamatu tana 'yar ƙarama, ko makaranta ba ta shiga ba.

Azumin shekarar ya faɗo tsakiyar zafi. Zafin Jidda ba irin na Gadarif ba ne. Can rana gasa mutum take ta busar da shi. Nan dafa shi take yi. Zufa ta fito ba ta da inda za ta je, iskar kanta jiƙaƙƙiya ce. Rigar Isa in ta bushe sai ka ga gishiri ya zana mata farin layi a baya. Kwanon rufi da rana yana ƙas-ƙas kamar ana jifansa. Fanka ɗaya gare mu, ita ma wuta ta zo ta tafi yadda ta ga dama. Yara duk ƙurajen zafi sun feso musu a wuya, suna susa suna kuka. Tabarma in ka tashi sai ka bar siffarka a kai.

Ga ruwa babu. Famfon unguwa sai huci yake. Motar ruwa, wayit, takan tsaya bakin titi, wanda ya riga ya samu. Ruwa ɗaya sai ya yi mana aiki uku: a wanke gero, a wanke kwanuka da shi, a yayyafa sauran a ƙasa ko za a samu sanyin kwanciya.

Mu kuwa a watan muke samun na shekara, don kunu da ƙosai muke sayarwa a ƙofar masallaci. 'Yan dako da baƙin da suka zo hajji ba su koma ba, ba mata ba murhu, mu ne gidansu. Saboda haka aiki tun sallar asuba. Kande ta ɗauki garwa ta tafi layin wayit. Ta dawo ta koma. Ta dawo ta koma. Ni in surfa gero, ita ta karɓi taɓarya in na gaji, ita kuwa ba ta cewa ta gaji. A wanke wake a cire masa hanci, yatsu su yi fari su yamutse. A daka, a tace, a bar gasara ta kwanta. Azahar kowa ya jiƙa zane ya lulluɓa ya kwanta kamar gawa, harshe ya manne a ganɗa, yawu ya ƙi haɗiyuwa. La'asar a tashi a hura wuta. A kawo ƙanƙara guntu ɗaya a naɗe ta a buhu, yara su zagaye ta suna kallo. Sai kwanuka su fara yawo tsakanin gidaje, namu ya tafi da ƙosai ya dawo da shurba. Sannan kowa ya kasa kunne yana jiran igwa, don lokacin igwa ake bugawa a sha ruwa.

Duk abin da yake da nauyi a gidan nan Kande ce. Abu biyu kawai Iya ta hana ta: wuta da azumi. Rana na tsaka Iya za ta ɗumama sauran tuwo ta juye a kwano ɗaya ta ce, "Yara, ku zo. Kande, har da ke." Mace mai cikar ƙirji, wadda da aure ta yi da ta aurar da 'ya, ta durƙusa tsakanin Salamatu da 'ya'yan maƙwabta tana cin tuwon rana, mu manya muna kwance muna jin ƙarar kwano.

Wata rana muna tatar gasara ta ce mini, "Matar Yaya, ni yaushe zan kai?"

"Ki kai ina?"

"In kai azumi. Hajara ta kai, kuma ni na goya ta."

Hajara 'yar maƙwabta ce, shekarar ta fara. Da yamma na tari Iya da maganar. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Alƙalami ba ya kanta."

Na ce, "Garwa dai tana kanta."

Ba a yi wa uwar miji haka, na sani. Da Isa ya dawo ta gaya masa, ya yi mini faɗan da bai taɓa yi ba, ya ce tausayin Iya ne, ita ta haife ta, ita ta san zafinta. Tausayi. Duk abin da aka hana Kande a duniya da sunan nan aka hana ta.

Sai Kande ta ɗauki azuminta ba ta gaya wa kowa ba. In an kira yara ta je ta durƙusa, ta sa hannu a kwano, ta tura tuwon gaban Salamatu, ta tashi ta wanke hannu. Ni na gane, don leɓenta ya tsage, kuma ta daina lasar yatsa in tana dakan wake. Ba mai tashinta sahur. Da ruwan da ta sha kafin barci take wuni, ga garwa. Na fara ajiye mata dabino da ɗan kunu a gefen tabarmarta, in zan wuce in taka mata ƙafa. Ba ta ce ba, ban ce ba.

Cikin kwanakin nan ne Iya ta tafi gaisuwar mutuwa unguwar Bagdadiyya, ta ce sai dab da magariba. Ruwa na tafasa na miƙa wa Kande ludayi.

"Dama."

Ta waiga ƙofa. "Iya ta ce wuta."

"Iya tana Bagdadiyya. Dama."

Ta sheƙa ruwan. Kunu ya fito duk gudaji, don ba ta murje gasarar da kyau ba. Ni ga azumi, ga masu saye na jira, raina ya ɓaci. Na ce, "Kande, wannan kunu ne ko tsakuwa? Ƙatuwa da ke ba ki iya murje gasara ba? Sake."

Ta tsaya tana kallona. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa. Ta sake damawa, ya fi na farko. Shekara da shekaru bayan nan, duk baƙuwar da ta zo gidan sai ta ja ta gefe ta ce, "Matar Yaya ta taɓa yi mini faɗa." Mutane su yi zaton ƙarata take kaiwa. Alfahari take yi. Tunda aka haife ta, in ta fasa tulu a ce a bar ta, in ta zubar da mai a ce a bar ta. Ba wanda ya taɓa sa ran za ta iya, balle ya ji haushin ba ta iya ba.

Ranar da abin ya ɓaci, wayit bai zo ɓangarenmu ba. Aka ce yana can wajen babban titi. Kande ta ɗauki garwa ta bi mata. Ranar ko tsuntsu bai yi shawagi ba, kwalta tana kama takalmi. Ba ta dawo ba sai la'asar sakaliya. Ta shigo, ta sauke garwar a hankali, ko ɗigo bai zube ba, sannan ta sulale a bakin ƙofa.

Iya ta taɓa leɓenta, ta dubi Salamatu da ta yi kumatu a watan da kowa ke ramewa, ta dube ni. Ba ta tambaya ba. Ta ɗebo ruwa a ludayi, ta kira maƙwabciya ta riƙe mata hannuwa. Kande ta farfaɗo ta datse haƙora. Rana ta riga ta sauka kan katanga, ta yi ja, an ma fara shimfiɗa tabarmin shan ruwa a waje.

"Iya, saura kaɗan."

"Buɗe."

"Saura kaɗan, Iya. Igwa."

Iya ta toshe mata hanci. Tana ɗura mata tana kuka, wallahi kuka take, tana cewa, "Wahalar banza kike, 'yar nan. Naki ba a rubutawa. Ko kin kai ba a rubutawa."

Ruwan bai bushe a gaban rigarta ba igwa ta tashi.

Ban ce kada a ba wanda ya faɗi ruwa ba. Ko liman ne ya faɗi a ba shi. Amma shi sai a ce masa sannu, ka rama bayan Sallah. Ita aka ce mata nata ba a rubutawa. Wannan ne ban yafe ba, kuma Iya tana kabari, Allah ya ji ƙanta, na roƙa mata gafara a gaban Ka'aba, amma maganar tana nan inda ta tsaya mini.

Washegari da rana, tun ba a kira yara ba Kande ta je ta durƙusa gaban kwano. Ba ta sake tambayar yaushe za ta kai ba. Na sake miƙa mata ludayi, ta ɓoye hannu a baya.

Iya ta rasu. Bayan wasu shekaru Isa ya bi ta. Iƙamar Kande, takardar zamanta a ƙasar, tana ƙarƙashin wani wansu, saboda haka dangi suka ɗauke ta, ni ba ni da ta cewa. Daga nan ta zama kaya. Wata uku gidan wannan, wata biyu gidan wancan, kowace matar gida tana jiran ranar da za a zo a ɗauka. Mace mai ƙarfin da ta shayar da gida guda ruwa, ba ta iya tsallaka titi ba, ba ta iya kunna ashana ba, don ba a taɓa bari ba. An taɓa tafiya biki Makka aka bar ta ita kaɗai wuni guda. Aka dawo aka same ta zaune a kicin, ga shinkafa, ga tukunya, ga murhu, tana jiran a kira yara. Ranar da ta rasu kanta fari fat. Ina wurin wanka na ji wata tana cewa, "Yarinyar nan ta huta."

To, wannan ne abin da nake gani duk sanda Salamatu ta taɓa aljihunta ta ji mukulli yana nan.

Kwanaki suka tafi, Asma'u tana zaune gaban talabijin da rigar kulliyya a cinya. Da rana uwarta ta kawo mata abinci a faranti, ta ce ba ta ci. Shekaranjiya bayan la'asar sai ga Abla Nawal a gidanmu na unguwar Bani Malik. Da ƙafa ta hau benen, da azumi a bakinta, tana haki, da hotunan nan a naɗe da kofin mai jan layi.

Salamatu ta karɓe ta da mutunci, amma ba ta bari ta gama zama ba. Ta ce, "Abla, na gode da wahalarki. Amma ba ke kika haife ta ba."

"Gaskiya ne."

"Kuma a hannunki ta ƙone."

"A hannuna ne. Kuma ban zo in yi miki alkawarin ba za ta sake ƙonewa ba. Za ta sake."

Salamatu ta buɗe baki ta dube ni, wai in ji. Ni kuwa matar ta fara burge ni. Na naɗe hannun rigata na shimfiɗa hannuna a kan tebur. Man ƙosai ya yi masa zane tun daga wuya har gwiwa.

Na ce, "Ke ma naɗe naki."

"Inna, don Allah."

"Naɗe, ko in naɗe miki."

Ta naɗe. Ga tabon tanda, ga na dutsen guga. Abla ba a ce mata ba ta janye nata, akwai wani dogo a bayan hannu, ta ce tukunyar shurba ce. Muna haka sai Asma'u ta taso daga gaban talabijin, ta cire bandejinta, ta jera hannunta kusa da namu. Ɗan tabon ya yi ruwan hoda. Ta ce, "Ni ma."

Can Salamatu ta ce da Hausa, don kada baƙuwa ta ji, "Inna, ina raye. Ubanta yana raye. Me za ta nema ta rasa?"

Na ce, "Iya ma tana raye lokacin. Kin tuna azumin da aka yi ta ce miki 'yar lukuta a Madain Fahd? Tuwon wa kike tsammanin kika ci?"

Ban jira ta amsa ba.

"Goggonki Kande. Kwano ɗaya kuka ci. Ke kika tashi daga gaban kwanon, ita har ta mutu tana wurin. Kin je wankanta, kin ga kanta. Ki gaya mini wace matar ɗa ce za ta riƙe miki wannan wata uku."

"Inna, azumi kike."

"Shi ya sa na tsaya nan."

Ta shiga ɗaki. Muka ji ta tana fyace hanci. Abla ta tambaye ni da ido, na ce mata ta zauna, 'yata ce, na san tsawon fushinta. Da ta fito ba ta dubi kowa ba. Ta buɗe kicin ta ce, "Ina tsaye a bayanta."

Abla ta ce, "A bakin ƙofa, Ummu Asma'u."

"Kicin ɗina ne."

"Shi ya sa na bar miki ƙofar."

Abla ta liƙa hotunan a jikin firij ta fito, ita ma ba ta tsaya ciki ba. Ta ce za ta wuce, uwarta na jiranta shan ruwa. Na raka ta bakin bene na cusa mata ƙullin tsamiya a jaka, ta ce ba ta san yadda ake yi da ita ba, na ce ai tana da hoto.

Na dawo na samu Salamatu ta riƙe ƙofar kicin da hannu biyu kamar za a ƙwace mata. Asma'u tana magana da hotuna. Kofi zuwa jan layi. Wuta. Jira. Da ruwan ya fara tafasa na ji numfashin uwar ya canza, ƙafarta ta ɗaga. Na riƙe mata zane ta baya. Yarinya ta ɗauki tsumma, ta kama tukunya, ta kawar da fuska daga tururi yadda aka koya mata, ta sheƙa. Ƙamshin tsamiya ya cika gidan.

Aka kira magariba. Asma'u ce ta zuba wa kowa. Ta sa dabino a bakinta tare da mu, don ashe azumi take, farantin da aka kai mata da rana yana ƙarƙashin gado. Ubanta ya kurɓa ya ce, "Masha Allah, masha Allah, wannan ya fi na kowa." Ya ɗan tauna, ya ce, "Har da gaya ta yi mana." Salamatu ta ce wallahi ya yi daɗi, idonta jawur.

Na kurɓa. Na ajiye kofi.

"Gaya daban, gudaji daban. Asma'u, kunun nan gudaji ne. Ba ki murje gasarar ba, sauri kike. Kuma tsamiya ta yi kaɗan."

Ubanta ya daina tauna. Salamatu ta watso mini wani kallo, da wuƙa ne da na mutu. Asma'u ta leƙa kofina, ta sa cokali ta ɗago gudaji ɗaya ta duba shi sosai. Ta haɗe rai.

"Habboba, ke ba ki da haƙori ne shi ya sa."

"Mara kunya. Kunu ake sha da haƙori?"

Ta tashi ta shiga kicin, ta tsaya gaban firij, ta ɗora yatsa a kan hoto na biyu, inda hannuna yake cikin gasara. Daga can ta ɗaga murya ta ce, "Bukra. Gobe zan sake. Ba ruwanki, kada ki shigo."

Uwarta tana tattara kofuna ta ce mata, ba tare da ta dube ni ba, "In kin gama ki goge rigarki. Motar kulliyya ba ta jira."

Na ɗauki kofina na shanye, har gudajin, da dasashi na murje su. A wanda ta dama jiya ma akwai su, amma sun ragu. Na faɗa mata.